Me 'yan mata ke nema a littattafan Japan na soyayyar maza biyu?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya, amma don Allah kada a yi mini ca. Ƙanwata da ke aji uku a jami'a ta zo hutu. Jiya da daddare ta bar wayarta tana caji a ɗakina, fuskar wayar a kunne. Na ga zanen nan na Japanawa, baƙi da fari, masu dara-daran idanu. Na zaci irin katun ɗin su Hanif ne, sai na ɗan ja ƙasa. Ashe labarin soyayya ne, kuma masoyan duka biyun maza ne. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Da na titsiye ta, buɗar bakinta sai cewa ta yi, "Yaya, ai mata ne ke rubuta su, mata ne kuma ke karantawa." To ni nan kaina ya kulle. Yarinyar nan tana da saurayinta, an ma kusa kawo kuɗin gaisuwa. Me mace za ta tsinta a labarin soyayyar da babu mace a cikinsa?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Ki sa ta goge, ki yi mata nasiha, ki haɗa da addu'a. Turawa ne ke cusa mana luwaɗi ta kowace kafa, yanzu sun biyo ta katun.

Kyaftin Majid:
Baba, da girmanka, amma Japanawa fa ba Turawa ba ne 😅

Baban Ummi:
Duk kanwar ja ce.

Mai kula da zaure:
Jama'a a bi a hankali. Hajiya ba fatawa ta nema ba, hukuncin abin kowa a nan ya san shi. Dalili ta tambaya. Wanda ya sani ya faɗa, ban da zagi, ban da turo hotuna ko adireshin shafi.

Ɗaliba a Osaka:
Anti Maman Hanif, ƙanwarki ba ƙarya ta yi miki ba. Shekarata ta huɗu ke nan a ƙasar nan, kuma duk babban kantin littattafan da na shiga akwai sashe guda da aka manna wa haruffa biyu, BL, taƙaitawar kalmomin Ingilishi masu nufin soyayyar samari. Ki tsaya minti goma a wurin, za ki ga masu ɗauka: ma'aikatan ofis da jakunkunansu, ɗaliban jami'a, matan aure. Kusan duk mata. A Tokyo ma akwai wani layi a unguwar Ikebukuro da ake kira Otome Road, wato titin 'yan mata, shagunansa irin kayan nan suka fi sayarwa.

Asalin abin daga farkon shekarun 1970 ne. Kafin lokacin, mafi yawan masu zana manga (wato littattafan zanen nan) na 'yan mata maza ne. Sai wasu matasan mata suka shigo sana'ar, ana ce musu 'yan shekara ta 24, saboda an haife su wajajen 1949, shekara ta 24 ta sarautar sarkinsu na lokacin. Biyu daga cikinsu, Takemiya Keiko da Hagio Moto, gida ɗaya ma suka zauna a Tokyo. Takemiya ta fitar da wani gajeren labari a 1970 wanda ake lissafa shi a matsayin na farko a wannan fanni. Hagio ta yi nata dogon a 1974, ta kai labarin makarantar kwana a Jamus. Takemiya ta fara babban nata a 1976, ta kai shi Faransa ta ƙarni na 19, bayan editoci sun yi shekaru suna ƙin karɓa. Matar nan daga baya har shugabar jami'ar Kyoto Seika ta zama.

Ki lura da abu biyu da suka yi. Sun cire labarin daga Japan, sun kuma cire mace daga tsakiyarsa. Duka biyun nesanta kai ne. A Japan ta wancan lokacin, yarinyar cikin labari aikinta ta yi kunya, ta jira a zaɓe ta, a ƙarshe ta yi aure ta bar aiki. Har barkwanci suke da shi, wai mace kamar kek ɗin Kirsimeti ce, in ta wuce 25 ba mai saye. Marubuciyar da ke son ta rubuta so mai zafi, da kishi, da wanda zai fara furtawa ba tare da an ce ya zubar da mutunci ba, in ta ɗora wa yarinya sai a ƙi bugawa ko a tsine wa yarinyar. Sai suka ɗora wa samari masu siffar da ba ta namiji sosai ba, ba ta mace ba.

Alƙalamin Dare:
Allahu Akbar. 'Yar'uwa kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ban taɓa karanta nasu ba, amma shekara tara ina rubuta littattafan soyayya a waya, kuma na san wannan ƙangin. Na taɓa yin labarin da jarumar ce ta fara ce wa namijin tana sonsa. Ranar sai da na kashe data. "Ballagaza." "Marar kamun kai." "Anti kin ɓata mana littafi." Kuma mata ne fa ke faɗa, ba maza ba. Amma jarumi ya mari yarinya, ya kulle ta a ɗaki, ya yi wata uku ba ya mata magana, sai ka ji ana "wayyo miskilin namiji, Allah ka ba mu irinsa."

Sannan akwai kayan da mace ke shigowa da su labari ko ba ki so. Da zarar kin sa mace, kin sa uwar miji, kin sa kishiya, kin sa maganar haihuwa, kin sa wa zai yi girki, kin sa budurci. Ba ki isa ki tsallake su ba, masu karatu za su tambaya. Ga kuma awo: jaruma fara ce, doguwa, gashi har gadon baya, mai karatu na kwance tana auna kanta da ita tana raina kanta. In babu mace a labarin, da wa za ta auna kanta? Da wa za ta yi kishi? Ina jin wannan ne sirrin.

Maman Hanif:
Ikon Allah. Ni ko karanta shi ma ban iya ba, maganganun sun ƙi haɗuwa.

Kyaftin Majid:
Anti daga dama ake farawa, kamar allo 😂 Ke kin faro daga hagu ne.

Malam na Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Na karanta bayanan 'yan'uwa mata biyu, kuma na ƙaru, don ban san haka tarihin yake ba. Amma a bambance abu biyu. Sanin dalilin da ya sa mutum ya kama wata hanya daban, halaccin hanyar daban. Mai shan giya ma in ka zauna da shi zai ba ka dalili, wataƙila har ka tausaya masa. Mu a addininmu aikin mutanen Annabi Luɗu haramun ne, babu saɓani, kuma abin da ido ya saba gani zuciya takan daina ƙyamarsa. Sannan ina tambayar ɗalibarmu ta Osaka, tsakaninki da Allah: littattafan nan hira da kallon juna ne kawai a ciki, ko akwai abin da ya wuce haka?

Ɗaliba a Osaka:
Allah ya gafarta Malam, ba zan ɓoye ba. Akwai waɗanda daga farko har ƙarshe ba a wuce riƙe hannu ba, akwai kuma na batsa tsagwaronta, waɗanda ake naɗe su a leda a kanti don kada a buɗe. A intanet kuwa babu leda, duk a haɗe suke. Ɗaya sunan da ake kiran fannin da shi ma, yaoi, daga nan ya samo asali. Taƙaita wata magana ce ta Japananci da masu zanen suka yi wa kansu ba'a da ita a ƙarshen shekarun 1970: babu ƙololuwa, babu ƙarshe, babu ma'ana. Wato labarin da bai damu da zubi ba, wurin da ake so kawai ake zanawa.

Kuma ni abin da ya fi damuna ba wannan ba ne kaɗai. Tsofaffin da yawa akwai tilastawa a ciki, ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya, daga baya a ce wai tsananin so ne. Wasu kuma jaruman 'yan makaranta ne. Su kansu matan Japan masu karantawa sun daɗe suna faɗa da juna a kan wannan, kuma sababbin da ake yi yanzu da yawa sun koma kan manya masu aikin yi, da neman yardar juna.

Anti Alƙalamin Dare, ke ma ga wani abu da zai ɗan rage miki murna. A mafi yawansu ba daidai masoyan suke ba. Akwai wanda ake kira seme, akwai uke, kalmomin da aka aro daga wasannin faɗa irin nasu: mai kai hari da mai karɓa. Na farkon dogo ne, mai kuɗi, miskili. Na biyun ƙarami, mai kunya, mai saurin hawaye, sau da yawa shi ke girki.

Alƙalamin Dare:
Kai! Wato ɗan Alhaji da 'yar talakawa ne aka sake wa kaya 😭 An gudu ba a tsira ba.

Ɗaliba a Osaka:
Kusan haka. Bambancin da masu karatun ke faɗa shi ne, a nan ba haihuwa ce ta ɗora wa mutum matsayin ba. Mai karatu tana iya shiga rigar wannan yau, gobe ta shiga ta wancan, ko ta tsaya gefe tana kallon su biyun kamar mai leƙe ta taga, ba abin da ya shafi jikinta. In aka wulaƙanta na ƙasan, ba a ce "haka mata suke" ba. Wata abokiyar karatuna 'yar nan ta ce mini ita wannan hutun take saye da kuɗinta.

Baban Ummi:
Hutu a cikin saɓo? Ku dai kuna ta yi wa abu kwalliya. Ni ban yarda ba shiri ba ne. Me ya sa sai yanzu ya iso wayoyin 'ya'yanmu?

Ɗan Damagaram:
Baba, ya iso ne don data ta yi araha kuma akwai masu fassarawa kyauta. Mu nan ta Faransanci yake shigowa, don Faransa na cikin ƙasashen da suka fi kowa sayen manga bayan Japan. Yadda finafinan Indiya suka iso Kano ba tare da gwamnatin Indiya ta aiko kowa ba, haka wannan ma.

Ɗaliba a Osaka:
Baba, da a ce shirin gwamnati ne ko na Turawa, da Japan ta fara gyara gidanta. Har yau dokar ƙasar ba ta amince da auren jinsi ɗaya ba, ita kaɗai ce a ƙasashen G7, wato ƙungiyar manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki. Abin da ake da shi takardar shaidar zama tare ce da wasu ƙananan hukumomi ke bayarwa, Shibuya da Setagaya na Tokyo suka fara a 2015, kuma ba aure ba ce. Sai a 2021 wata kotu a Sapporo ta fara cewa hanin ya saɓa wa tsarin mulki.

Ba kuma daga Turai suka koyo ba. Tun 1687 marubucinsu Ihara Saikaku ya fitar da tarin labarai a kan soyayyar maza a cikin samurai, wato mayaƙansu na da, da kuma cikin 'yan wasan kwaikwayo. A 1629 aka hana mata hawa dandalin kabuki, wasan kwaikwayonsu na gargajiya, maza suka koma fitowa a matsayin mata, har gobe haka ake yi. A nan kusa da mu akwai garin Takarazuka, inda wata ƙungiyar wasa ta mata zalla ke wasa tun 1914, mata na fitowa a matsayin maza, kuma masu cika zauren mata ne. Hasali ma lokacin da Japan ta taɓa haramta abin a doka shi ne shekarun 1870, sa'ad da take kwaikwayon Turai, ba a daɗe ba kuma aka cire. Ba ina wanke shi ba ne, ina cewa ne tushensa nasu ne.

Af, Kyaftin, kai da ka sa wa kanka wannan suna. Ka san wasan ƙwallon nan da muka kalla a tashoshin Larabawa, wanda sunansa na asali Captain Tsubasa? A tsakiyar shekarun 1980 shi ne ya cika kasuwar masu zanen sa-kai. 'Yan mata suka ɗauki 'yan wasan suna haɗa su soyayya a littattafan da suke bugawa da kuɗinsu, suna kaiwa wata kasuwa da ake kira Comiket. Kasuwar ta fara a Disambar 1975 da mutum wajen 700. A Disambar 2019 mutum 750,000 suka shiga cikin kwana huɗu.

Kyaftin Majid:
Innalillahi. Anti me na yi miki? Kin ɓata mini yarinta gaba ɗaya 😭 Bari in canza suna.

Ɗan Damagaram:
Mu Olive et Tom muka san shi. Ashe duk mun sha.

Malam na Tudun Wada:
To su masu wannan ɗabi'ar a can, su ne ke murna da littattafan ke nan.

Ɗaliba a Osaka:
Abin mamakin ke nan, Malam, ba duka ba. A 1992 wani ɗan fafutukarsu mai suna Sato Masaki ya rubuta zazzafar suka a wata ƙaramar mujallar mata, yana cewa matan nan sun mai da su kayan wasa, suna zana kyawawan samarin da babu su a duniya, ba ruwansu da wahalar da mutanen gaske ke sha. An yi shekaru ana musayar rubutu a kai. Ya kama su da wani abu da ke yawan fitowa a littattafan lokacin, inda jarumi zai ce shi ba ɗan luwaɗi ba ne, wannan mutum ɗaya kawai yake so. Su mazan suna da nasu mujallun daban, irin Barazoku da ta fara a 1971, zanensu ma daban, ƙarti masu gemu da ƙirji, ba siraran samari masu gashin mata ba. Yanzu an ɗan cakuɗa, akwai mazan da ke karanta na matan, amma asali kasuwa biyu ce.

Masu karatun ma sun san yadda ake kallonsu. Sunan da suke kiran kansu fujoshi, ma'anarsa ruɓaɓɓiyar mace, wasa ne da wata kalma mai irin furucin da ke nufin mace mai mutunci. Da yawa mazajensu ba su san suna karantawa ba.

Baban Ummi:
To ka ji. Su da bakinsu sun ce ruɓaɓɓu. Mu dai a Najeriya akwai doka tun 2014, ɗaurin shekara 14 ne. Hukuma ta toshe shafukan kawai a huta.

Alƙalamin Dare:
Baba, dokar nan maganar aure da ƙungiyoyi take, ba ta san da abin da ke cikin wayar 'yar jami'a ba. Kuma mu marubuta mun ga toshewa. A 2007 an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a Kano, ana cewa su ke ɓata 'yan mata. Me ya biyo baya? Rubutun ya bar kasuwa inda hukumar tace littattafai ke iya gani, ya koma waya inda ba mai gani, kuma abin da ake rubutawa yanzu a wasu zaurukan kuɗi, na wancan lokacin wasan yara ne a kansa.

Ɗaliba a Osaka:
A nan ma an gwada. A 2008 ɗakunan karatu na birnin Sakai, nan cikin yankin Osaka, sun kwashe irin littattafan nan sama da 5,000 daga kantoci bayan an kai ƙorafi, aka yi ta hayaniya, suka janye matakin. China ta fi kowa zafi: a 2018 an ɗaure wata marubuciya da ake kira Tianyi shekara 10. Duk da haka a 2019 ɗaya daga cikin wasannin talabijin da suka fi tashe a can daga irin labarin aka ciro shi, aka mai da masoyan aminai. Thailand kuwa ta mai da shi sana'ar fitarwa waje.

Malam na Tudun Wada:
Ban ce a ƙona ba, ban kuma ce a naɗe hannu ba. Wanda aka ba wa amanar yaro zai amsa tambaya a kansa. Amma na yarda da abu guda: in aka ƙwace ba a tambayi me ya kai ta ba, za ta koma ta wata ƙofar.

Baƙuwar zaure:
Ku yi haƙuri, na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba. Ni na karanta su, kusan shekara biyu. Ba alfahari nake ba. Lokacin da aurena ya mutu ina da shekara 24, na dawo gida da goyo, barci ya ƙaurace mini. Da can littattafan Hausa nake karantawa, sai na kasa. Duk wanda na buɗe ni ce a ciki. Ga uwar miji, ga "ki yi haƙuri", ga mijin da zai gane kurensa a shafin ƙarshe bayan ta gama lalacewa. Nawa bai gane ba. Na koma na Turawa, nan ma macen ce ake ja. Wata ƙawata ta turo mini ɗaya daga cikin na Japan ɗin, wasu ma'aikata biyu, ɗaya na dafa abinci ɗaya na wanke kwanuka, suna faɗa a kan kuɗin cefane suna shiryawa. Na yi kuka a daren, kuma ba don suna maza ba. Don na ga mutum biyu a gida ɗaya ba wanda aka ce shi ne zai yi shiru.

Ban taɓa sha'awar mace ba, ban kuma taɓa ganin abin ya halatta ba. Na daina ne da na ga ana turo mini waɗanda ba zan iya kallo in tashi in yi salla da natsuwa ba. Malam ya yi gaskiya, ido na sabawa, na ga haka a kaina. Amma Baba, da a lokacin ka ce mini ruɓaɓɓiya, da ba ka gyara ni ba.

Baban Ummi:
'Yata, ban da ke nake ba. Allah ya ba ki miji nagari, ya raya abin da kika haifa. Amma ina nan a kan bakana.

Baƙuwar zaure:
Amin Baba, na gode.

Alƙalamin Dare:
Ni kam yau an ba ni aiki. Labarin da ke hannuna na kai shafi na 40, jarumar na durƙushe tana ba shi haƙuri a kan laifin da shi ya yi. Zan koma in tashe ta tsaye, masu zagi su zaga.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai jama'a. Bayan la'asar na kira ta ɗaki, na rufe ƙofa, ban ɗaga murya ba. Na faɗa mata maganar Malam, na faɗa mata ta 'yar'uwarmu ta Osaka a kan na batsan da na tilastawar, ta ce ta sani, tana tsallake su. Na ce to ke me kike so a ciki? Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, a ciki ba wanda ake ce wa ya yi haƙuri don shi mace ne." Na rasa ta cewa, don satin da ya wuce da yaron nan ya yi mata tsawa a gaban ƙannensa ta zo tana kuka, kalmar da na faɗa mata ke nan.

Baban Ummi:
Amma dai ta goge?

Maman Hanif:
Ta ce ta goge, Baba. Wayar dai yanzu an sa mata lambar sirri.